Ranar da Na Sa Riga a Baibai a Filin Kurket

Wanda duk ya sauka a tashar Zakirai ya tambayi gidan Ɗanjuma, sai an ce masa wanne, don muna da yawa. Amma in ya ce Ɗanjuma Kurket, ko akuya ya tambaya za ta ɗaga kai ta nuna masa hanyar ƙauyenmu. Jikokina suna zaton wata sarauta ce aka naɗa ni a ƙasar waje. Na daɗe ban gyara musu ba, don girman yana yi mini daɗi. Yanzu dai bari in rubuta yadda abin ya faru, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, inda malaminmu ya rantse bai taɓa ganin kai mai taurin nawa ba. In kun ga harafi ya karkace, ku tallafe shi.

Shekarun fari ne. Gero ya yi bununi ya tsaya cak, gyaɗa ta ƙone a ƙasa. Mun fita roƙon ruwa har mun gaji, maza a filin idi da riguna a baibai, tsofaffin mata sun zura wandunan mazajensu suna zagaya gari suna buga ƙwarya. Sama ta dube mu ta kau da kai. Ana cikin haka wani dillalin dabbobi a kasuwar Ɗambatta ya ce ana neman masu kula da raguna a wani birni na Larabawa da ke bakin teku. Ya ce aikin a inuwa ake yi, nama kuwa sai mutum ya ture. Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Na dai bar matata Ladi da yara, na bar gonar da na gada a wurin mahaifina, wadda ke maƙale da ta ƙanensa, Baffa Haruna, ba abin da ya raba su sai layin gamba.

Zangona na farko ginshiƙi ne. Muna sauka daga jirgi dillalin nan ya kai ni jikin wani ginshiƙi a bakin filin jirgin ya ce, "Tsaya nan, kada ka motsa, in nemo mana mota." Ni kuwa mutum ne mai jin magana in ina tsoro. Na yi azahar a jikin ginshiƙin nan, na yi la'asar. Har yau motar ba ta zo ba. Wani mai shara, baƙin mutum ɗan Sudan, shi ya gaji da zagaye ni da tsintsiya. Ya karɓi takardar da ke aljihuna ya duba, ya girgiza kai, ya gutsura mini burodinsa, sannan ya ɗora ni a bayan wata motar ciyawa da za ta kasuwar dabbobi. Haka na shiga birnin, a kan harawa, kamar abincin rago.

Zango na biyu kara ce, wato kasuwar dabbobin. Inuwar da aka yi mini alkawari tana nan, amma ta raguna ce. Namu shi ne kwashe kashi, ɗaukar buhun dusa, cika kwamin ruwa, da rungumar rago mai gardama a jefa shi mota. Balaraben da ke da wurin ban taɓa ganinsa ba sai ta gilashin mota. Mai iko da mu shi ne heluma, wani ɗan Pakistan mai gashin baki kamar ƙahon bauna, kowa na ce masa Sahab. Ranar farko ya miƙo hannu ya ce in ba shi fasfo ya ajiye mini kada ya ɓata. Na ji daɗi har na yi masa godiya. Sai daga baya na gane irin ajiyar da mahauci yake yi wa akuya ce.

Zango na uku ɗakin kwananmu, inda aka jera gadaje wani kan wani. Duk 'yan Pakistan ne, ni kaɗai ne baƙi, kuma baƙo. A nan na haɗu da Bashir mai dafa mana abinci, ƙato mai tumbi da gemu har ƙirji, da Anwar direban motar dabbobi, siriri mai saurin fushi da saurin hucewa. Duk maganar da za ku ji mun yi, ku sani da guntun Larabcin kasuwa aka yi ta, da hannu, da ido. Ni ne na mayar muku da ita Hausa.

Daren farko ban iya cin abincinsu ba, yaji ya kama mini harshe, kewar tuwon dawa ta kama mini wuya. Da safe Bashir ya lura. Ya haɗa mini shayi mai madara da citta, ya gasa mini gurasarsu mai faɗi ba yaji, ya tura mini gaba. Na so in gode masa da yarensu, wanda na ji ya yi kama da na fim ɗin Indiya. To, lokacin da nake cin rani a Bacirawa ina tura kurar ruwa, nakan shiga sinima kallon fim ɗin Indiya, har na haddace wata doguwar magana da nake jin ana yawan faɗa da murya mai taushi. Na ɗauka godiya ce. Na dafa ƙirji, na dubi Bashir cikin ido, na zuba masa ita tun daga farko har ƙarshe.

Ludayi ya faɗi daga hannunsa. Anwar ya ƙware da shayi har sai da aka bubbuga masa baya. Ashe abin da na ce wa ƙaton nan shi ne, in babu shi ba zan rayu ba, shi ne hasken idona, kuma ko iyayenmu sun ƙi sai mun gudu tare. Daga ranar Bashir bai ƙara kirana da sunana ba. Da ya hango ni sai ya ɗaga ludayi ya ce, "Masoyi, zo ka ci, kada ka mutu a kaina." Dariyar nan ita ta buɗe mini ɗakin.

Mutanen nan suna da kirki, suna da salla, amma suna da ciwo guda, sunansa kurket. Anwar yana da rediyo mai kaset, kuma in ana wannan wasa a ko'ina cikin duniya, to rediyon ya zama liman, kowa ya yi shiru. Na tambayi Bashir yadda abin yake. Ya kafa cokula uku a cikin tudun shinkafa, ya ɗauki muciya ya tsaya gabansu. Ya ce wani zai jefo ƙwallo mai tauri, ja, girman goruba, yana neman ya kayar da sandunan nan uku, kai kuma kana kare su da katako mai faɗi, kana make ƙwallon ka yi gudu.

"Muddin sandunanka suna tsaye," in ji shi, "kana ciki, ba a fitar da kai ba."

Na ce, "To yaushe ake tashi?"

"Kwana biyar."

"Kwana biyar ana jifan mutum ɗaya? Me ya sata?"

Ya ce ba mutum ɗaya ba ne, bi da bi ake yi, kuma ana tsayawa a ci abincin rana, can da yamma a sake tsayawa a sha shayi. Na ce wannan ba wasa ba ne, zaman makoki ne.

Na yi damina biyu a can ban ga damina ba. Wajen ƙarshen sanyi na biyu, wani ɗan kasuwa mutumin Ɗambatta da ya zo sarin kaya ya neme ni har kara, ya miƙo mini kaset daga gida. Na ƙosa in ji abin da ke ciki. Sai dai ranar Litinin ce, kuma a ranar aka fara babban wasa tsakanin Pakistan da wata ƙasar Turawa, a cikin birnin nan namu, a wani fili da aka gina can bayan gari. Anwar ya rataye rediyonsa a jikin shingen raguna, ya ce ko uwarsa ce ta aiko da kaset sai ta jira. Na yi ta kwasar kashi ina harararsa. Can bayan la'asar ya ce, "Maza kawo, sun tafi shan shayi." Ranar na fara ganin amfanin shayin kurket.

Muryar Ladi ta fito tsakanin kukan raguna. Ta gaishe ni, ta lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu. A bayanta ina jin tabarya, ina jin zakaran maƙwabcinmu mai shaƙaƙƙiyar murya. Sannan ta rage murya ta ce, "Malam, Baffa Haruna ya tara mutane ya ce gona ba za ta ƙara kwana ba mai ita ba. Ya ce in ruwan shuka ya sauka ba ka dawo ba, zai cire gambar tsakani ya haɗe ta da tasa, wai ya riƙe maka. Kai ka san riƙon Baffa." Na san shi kuwa. Ya taɓa riƙe wa wani jaki har jakin ya manta mai shi. A wajenmu kuma ƙasa ta yi kaɗan, gona na jikin gona, wanda ya rasa tasa ba dajin da zai je ya sara.

Na je wurin Sahab na durƙusa na roƙi fasfona. Ya murza gashin baki ya ce sai bayan babbar salla, in an gama cinikin ragunan layya. Babbar salla kuwa a shekarar sai gero ya kusa fitar da kai. Na ce gonata za ta tafi. Ya ce shi ma yana da gona a ƙasarsu, ga shi nan bai mutu ba. Ya juya wajen rediyo.

Duk makon nan, in an zauna cin abinci, faɗa ake a kan wasan. Ba a kan 'yan wasa ba, a kan waɗanda suka tsara shi.

"Wane mara hankali ne ya ce a fara ranar Litinin da hantsi?" in ji Anwar. "Masu son wasan duk muna nan muna wanke gindin raguna. Mai sharhi ya ce kujeru sun fi mutane yawa, har ana jin tarin alƙalin wasa."

Bashir ya ce, "Ba ranar ce matsalar ba, wurin ne. An kwashe wasan ƙasarmu an kawo shi cikin yashi, an kuma kai shi inda ko bas ba ta zuwa. A garinmu da yanzu mutane suna kan bishiya, suna kan rufin gidaje."

"A yi na yini ɗaya mana, ranar Juma'a, a gama kowa ya gani."

"Na yini ɗaya wasan yara ne. Kai ko shinkafa ba ka iya jira ta nuna."

Na sa baki na ce, "Ku dakata. A garinmu ba a sa dambe ranar da ake noma. Sai kaka, an kai amfani gida, ciki ya ɗauka, sannan a sa shi ranar kasuwa, a bakin kasuwa, inda mutane suka riga suka taru. Su waɗannan manyan naku ba su da gona ne?"

Bashir ya nuna ni da ludayi. "Kun ji? A ɗauki Masoyi a ba shi ofis."

Ranar Alhamis labari ya zo cewa masu filin sun ji kunyar kujerun banza, sun ce ranar ƙarshe, wato Juma'a, a buɗe ƙofa kyauta. Juma'a kuwa ita ce ranar hutunmu. Sahab ya ce a wanke motar dabbobi. Aka wanke ta iya wankuwa, muka hau muna warin bunsuru, kowa ya ci ado. Ni na sa doguwar rigata ta shadda mai aiki a wuya, wadda Ladi ta ninke mini a ƙasan jaka.

Zango na huɗu ke nan, filin wasa. Ban taɓa ganin ciyawa irin wannan ba, kore shar a tsakiyar yashi, an aske ta kamar kan ango. Na ce a raina, da za a sako ragunanmu nan da sun yi mana addu'a. A tsakiya an bar wani ɗan fegi tsirara ba ciyawa, nan aka kafa sandunan. 'Yan wasa duk cikin fararen kaya kamar za su idi. Ɓangaren da ke da rumfa da kujeru masu laushi ba kowa sai 'yan tsiraru masu baƙin tabarau. Ɓangarenmu na rana kuwa ya cika ya batse da leburori, masu gini, masu wanki, direbobi, kowa da ƙullin abincinsa.

Aka yi ta yi. Mutum ya taho da gudu kamar an biyo shi, ya yi jifa, wancan ya tare, shi ke nan, kowa ya koma ya tsaya. Na yi gyangyaɗi na farka, ba abin da ya canja. Aka tashi muka yi sallar Juma'a a bayan fili, aka dawo. Can sai na ga ƙwallo ta wuce mai katako ta tsinke sandunan, ɗaya har ta yi tsalle ta juya a sama. Abin ya burge ni. Na miƙe tsaye na buga tafi na yi kururuwa, "Yauwa! Haka ake yi!"

Ni kaɗai ne a tsaye. Mutum dubu sun juyo suna kallona. Sahab ya taso kamar zai cinye ni.

"Namu ne aka fitar, jaki! Namu!"

Na zauna a hankali. Na ce a raina, Ɗanjuma, fasfon da za a ba ka bayan babbar salla, yanzu sai bayan tashin ƙiyama.

Bashir ya raɗa mini cewa abin ya lalace. Saura mutum biyu a fitar, kuma da sauran rana da yawa. Cin wasa dai ya wuce su, abin da ya rage kawai kada a cinye su. Na ce ta yaya? Ya ɗaga kai sama. Tun safe akwai wani ɗan hadari da ya haɗo ta wajen teku, irin wanda Anwar ya ce yakan zo ya leƙa ya wuce.

"In aka yi ruwa, an tashi," in ji Bashir. "Ba a wasa a jiƙaƙƙen fili. In lokaci ya ƙare ba a gama fitar da mu ba, canjaras ke nan, ko da sun fi mu nesa ba kusa ba."

Na ce, "Tsaya. Wato wanda ake ci shi ke son ruwa, wanda ke ci ba ya so?"

"Haka ne."

Kai, duniya da faɗi. Sai shaiɗanin tsokana da ke bina tun ina yaro ya taɓa ni. Na ɗaga murya yadda Sahab zai ji na ce, "Ai mu a garinmu roƙonsa muke yi. Akwai yadda muke yi."

Sahab ya waiwayo. Idonsa ya yi ja, ya ciji gashin bakinsa har ya jiƙe. "Yana zuwa?"

"Wani lokaci," na ce. Ban yi ƙarya ba. Ban dai faɗa masa yaushe rabon da ya zo ba.

"Yi!"

"In ya zo fa?"

"In aka tashi wasan nan ba a cinye mu ba, gobe ka karɓi fasfonka."

Na ce Bashir da Anwar su zama shaidu. Sannan na miƙe, na tuɓe rigata a gaban jama'a, haƙarƙarina a waje kamar na tsohon jaki, na juya ta na mayar a baibai, aljihu na reto, zaren aikin wuya duk a fili. Na yi addu'ar da limaminmu yake yi, iya abin da na riƙe, da zuciya ɗaya kuwa, don ni ba kurket nake roƙa wa ba, layin gamba nake gani. Da na shafa, sai na tuna aikin tsofaffin mata. Ba tsohuwa a wurin, don haka na zama ita. Na karɓe kwanon abincin Bashir da ludayinsa, na shiga bugawa ina bin layin kujeru ina rangaji, ina kiran ruwa da Hausa.

Da farko dariya aka yi. Wani dattijo mai jan gemu ya ce ai juya riga sunna ce, su ma suna yi a ƙasarsu, ya tuɓe tasa ya juya. Na kusa da shi ya juya. Kafin in kai ƙarshen layi, ɓangarenmu gaba ɗaya ya zama kasuwar masu tuɓe riga, kowa na buga abin da ya samu, kwano, gwangwani, kujera. Suna maimaita Hausata a karkace, "Ruwa! Ruwa!" Har Sahab na hango da riga a baibai, maɓallai na soka masa tumbi. Wani ɗan wasa Bature da ke tsaron ƙwallo a bakin fili ya juyo yana kallonmu, ƙwallo ta wuce ta gefensa bai sani ba.

Aka fitar da wani namu kuma. Saura ɗaya. Hannuna ya gaji, maƙogwarona ya bushe, na fara tunanin ta wace ƙofa zan gudu.

Sai iska ta juya. Na ji ƙamshin nan tun kafin ɗigon farko, ƙamshin ƙasa in ta ji ruwa, iri ɗaya ne ashe ko'ina. Ɗigo ya faɗo a kwanon Bashir, ƙwal. Wani ya faɗo mini a goshi. Sai ya sauko.

Jama'a suka haukace da murna. Ni kuwa na tsaya da kwano a hannu, ruwa na bin fuskata, ba wanda ya san da hawaye a ciki. Rabona da ruwan sama ya taɓa ni tun ina gida.

Abin da na gani bayan nan ne ya kusa kashe ni. Wasu mutane suka fito da gudu suna jan ƙaton tamfol, suka lulluɓe fegin nan na tsakiya. Na kama hannun Anwar.

"Me suke yi?"

"Suna rufe ƙasa kada ta jiƙe."

"Kada ta jiƙe? Allah ya aiko da ruwa, su kuma suna rufe ƙasa?" Na haye kujera ina yi musu ihu, "Ku buɗe! Ku buɗe mata ta sha, marasa godiya!" Anwar ya ce in ci gaba, wai ko a dokar wasa buɗewar ta fi mana.

Ruwan bai daɗe ba ya tsagaita. Alƙalan wasa biyu suka fito da fararen riguna kamar malaman asibiti, da lema a hannu. Suka taka ciyawa, suka danna ƙasa da diddige, ɗaya ya tsuguna ya tura yatsa, ya murza ƙasar, ya dubi sama. Wallahi kamar mahaifina da Baffa Haruna da safe bayan ruwan farko, suna shawarar ko ya isa shuka. Sai dai su waɗannan so suke ta bushe. Suka koma, suka sake fitowa, suka sake dannawa. Gonata tana ƙarƙashin diddigen wani tsohon da bai san da ita ba.

Suna tsaye suna shawara sai sama ta yanke musu, ta sake sakowa, wannan karon da ƙarfi. Tsohon ya girgiza kai, ya je ya tuge sandunan ya rungume. Canjaras.

Ban taka ƙasa ba daga kujerata har mota. A kafaɗa aka ɗauke ni. Wani ya cusa mini lemo a aljihun da ke reto, wani ya sumbaci hannuna, ina ce musu ku bari, ruwa na Allah ne, hadarin ma tun safe yake nan. Ba mai saurare. Bashir na gaba yana share hanya da ludayi yana cewa, "Ku matsa, masoyina ne!"

Washegari na je ofishin Sahab da shaiduna. Ya tarbe ni da fara'a, har da kujera, har da shayi. Tun daga nan na san akwai magana.

"Ɗanjuma," in ji shi, ranar ya fara faɗar sunana daidai, "mutum irinka ba a sakinsa haka. Wata mai zuwa akwai wani wasan. Ka zauna, na cire ka daga kwasar kashi, aikinka rigar nan kawai."

Anwar ya fara zagi, Bashir ya riƙe shi. Ni kuwa na kurɓi shayina, na ajiye kofi a hankali. Kwana biyar na kurket ba su tafi a banza ba.

Na ce, "Sahab, ni ba ni da iko da ruwa, na faɗa jiya, na kuma faɗa yau. Amma rigar tana nan, ni ma ina nan. In na zauna, duk wasan da za a yi zan je. Sai dai ni mutum ne mai ruɗewa, kai shaida ne, ban san namu ba ban san nasu ba. Ina tsoron ranar da naku suke gab da cinye wasa, saura mutum ɗaya su fitar, in ruɗe in juya riga."

Gashin bakinsa ya sauko. Ya dube ni, ya dubi Bashir. Bashir ya ce, "Zai iya. Jiya ma tafi ya yi da aka fitar da namu." Sahab ya jawo aljihun tebur, ya fito da fasfona ya ajiye, ya tura mini da ɗan yatsa kamar mai zafi. Sannan ya fashe da dariya har yana buga tebur, ya ce in tafi da rigata can nesa, kada in ƙara kusantar inda ake kurket.

Ranar tafiyata Anwar ya kai ni filin jirgi a gaban mota, ba a baya ba. Muka wuce ginshiƙina na gaishe shi. Bashir ya ƙulle mini gurasa da ganyen shayi, da wata tsohuwar jar ƙwallo da ɗinkinta ya fara warwarewa. Ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, yana kuka yana cewa, "Ka ce in babu ni ba za ka rayu ba, maƙaryaci."

Na iso gida ana tsakiyar zafin bazara, gawo bai zubar da ganye ba tukuna. Ko ruwa ban gama sha ba na ce wa Ladi bari in leƙa gona. Gamba tana nan. Abin da ya ƙaru shi ne tulin taki, an jera shi reras daga wannan kai zuwa wancan. Baffa Haruna ya tabbata ba zan dawo ba, har ya sa jakunansa sun yi ta jigilar takin gidansa zuwa gonata.

Na sari sanduna uku na geza, na kafa su a tsakiyar gonar, a jere. Ina cikin daddanna gindinsu sai ga Baffa a kan jaki da wani mangalan takin. Ya gan ni, jakin ma ya gan ni, duk suka tsaya.

Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce, "Baffa, Allah ya saka da alheri. Ladi ta ce ka ce za ka riƙe mini, ban san har da taki ba. A sauke wannan ma a can gefen, wajen ya fi rama."

Can ya nuna sandunan da sandarsa ya ce, "Wannan kuma wane tsafi ne ka kwaso?"

Na ce, "Ba tsafi ba ne, Baffa, kurket ne. A inda na fito, muddin sandunan nan uku suna tsaye, to ba a fitar da mutum ba."